Kaboyin Yamai: Abin da Ya Sami Mutanen da Suka Yi Fim ɗin 1966

In an tashi ba da tarihin fim a ƙasar Hausa, galibi a kan fara ne daga Kano cikin shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Wanda ya ɗan zurfafa ya kan koma baya zuwa Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 da kuɗin gwamnatin tarayya. To, amma iyakar nan da Ingilishi da Faransawa suka shata ta saba mana da tsayar da ido a Illela da Jibiya, alhali kuwa shekara 10 kafin Shaihu Umar waɗansu samari a Yamai sun riga sun haɗa kai sun yi fim nasu na kansu, wanda ba wata hukuma ta aike su. Abin da za mu duba a takardar nan shi ne inda rayuwa ta kai uku daga cikinsu, da dalilin da ya sa hannu ya iya aiki, duniya ta yaba, amma aikin ya kasa riƙe masu shi.

Sunan fim ɗin da Faransanci Le Retour d'un aventurier, watau dawowar ɗan yawon duniya. Gajere ne, minti 34. Wani saurayi, Jimmy, ya komo gida daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Kowa ya sa malafa da takalmi, ya rataya bindiga, ya zubar da sunan da aka yanka masa rago ya ɗauki na sinima: wannan Black Cooper, wancan James Kelly, yarinya ɗaya da ke cikinsu kuwa ta zama Sarauniya Christine. Daga nan sai satar dawaki, da caca, da shaye-shaye, da dukan mutane, har wasa ya kai ga zub da jini, manyan gari suka rasa yadda za su yi da 'ya'yansu. Akwai wurin da a ke ganin kaboyin nan suna sukuwa a daji, ga raƙuman dawa suna gudu, abin da ba a taɓa gani a fim ɗin Amurka ba. Wanda ya san yadda gidajen sinima na Kano da Sakkwato su ke cika a zamanin nan saboda fim ɗin kaboyi da na Indiya, ba ya bukatar a faɗa masa da wa a ke.

Mai fim ɗin shi ne Mustafa Alhasan, wanda a takardun Faransanci a ke rubutawa Moustapha Alassane. An haife shi a 1942, kanikanci kuma ya fara koya. Tun yana yaro ya kan yanka kwali ya sa fitila a baya, ya nuna wa yara inuwa tana motsi. Zanen da ya iya ne ya kai shi cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, inda ya gamu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya daɗe yana ɗaukar hotunan al'adun mutanen bakin Kwara. Ta hanyarsa ya sami zuwa Kanada, ya zauna da Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. Kafin ya yi kaboyinsa ya riga ya yi Aouré a 1962, da La Mort de Gandji, labarin kwaɗi da fadar sarkinsu, wanda ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966.

A nan ɗalibin harshe ya kamata ya ɗan dakata. Aouré ba wani abu ba ne illa kalmarmu ta "aure" cikin rubutun Faransanci, ko da ya ke auren Zabarmawa fim ɗin ya nuna. Haka kuma Kokoa, wanda ya yi daga baya da 'yan tsana, inda kwaɗi ke kama juna a fage ana yi musu kiɗa, "kokowa" ce, yadda Hausawan Nijar da na Sakkwato su ke faɗinta. Sunayen nan suna nan cikin kundayen fim na Turai shekara da shekaru, mu kuwa da ke da harshen mun wuce su ba mu gane su ba, don kawai an rubuta "ou" inda mu ke rubuta "u".

Yanzu sai mu zo ga matsalar da ta bi mutanen nan har tsufansu. Fim ɗin nasu ne, gama su suka ƙaga labarin, su suka hau dawakin. Amma a wancan zamani ba a wanke fim a Nijar. Sai an ɗauka, a sa a jirgi zuwa Faransa, a wanke, a yanka a haɗa a can. Kayan aiki da ɗan kuɗin da a ke samu kuwa yawanci ta hannun Faransawa su ke fitowa, ko ma'aikatarsu ta taimakon ƙasashen da suka mulka, ko cibiyar al'adu da ke Yamai. Wannan duk da sauƙi. Babban abin shi ne kasuwa. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba fim a ƙasashen Afirka rainon Faransa, su kuwa ribarsu tana ga tsofaffin finafinan Amurka da Indiya waɗanda su ke samu da araha. Saboda haka fim ɗin da aka yi don a ja kunnen masu kallon kaboyi, hanyarsa ta zuwa bukukuwan Turai ta fi hanyarsa ta zuwa gaban masu kallon kaboyin sauƙi. Kyauta kuwa, kome girmanta, sau ɗaya a ke ba da ita, ba kamar kuɗin ƙofa ba da ke shigowa kowane dare.

Mustafa shi ya fi sauran samun mafita, domin sana'arsa a hannunsa ta ke. A 1972 ya yi dogon fim, F.V.V.A., haruffan farko na kalmomi huɗu na Faransanci, mace da gida da mota da kuɗi, watau burin ƙaramin ma'aikaci na bayan samun mulkin kai. A 1973 ya yi Toula tare da Bajamushiya Anna Soehring, daga wani labari na Bubu Hama, a kan sarkin da aka ce ya ba da budurwa ga aljanin ruwa don fari ya yaye. Wannan kuwa ana tsakiyar farin da ya halaka dabbobin Sahel. Ya yi shekara 15 yana shugabancin sashen fim a Jami'ar Yamai. Da al'amura suka tsaya sai ya koma Tawa, cikin ƙasar Adar, ya buɗe masaukin baƙi, ya mai da waɗansu ɗakunan wurin aiki. A nan ya ci gaba da ɗinka 'yan tsana da ƙera abin da ya rasa, har da tsufansa ya koyi yin zane da kwamfuta. A ganina kanikancin nan na farko shi ya cece shi: mutumin da ya iya kwance inji ya ɗaura ba ya zama jiran a aiko masa daga Paris. Duk da haka a lura, kuɗin kwanan baƙi ne ya riƙe fim, fim bai riƙe kansa ba.

Wanda ya fito a matsayin Black Cooper shi ne Jingare Maiga, Djingarey Maïga a rubutun can, haifaffen Watagauna ta ƙasar Mali a 1939, ma'aikacin kamfanin lantarki a Yamai. Ya bar aikin albashi ya bi Mustafa yana riƙe masa kyamara, ya fito a F.V.V.A., sa'an nan ya fara yin nasa. L'Étoile noire ya fito a 1976, Aube noire a 1983, kuma kusan kowane dogon fim nasa sai ka iske kalmar "baƙi" a sunansa. Bai daina ba, sai dai tsakanin wani fim da wani a kan yi shekaru yana tara abin da zai sayi fim ɗin ɗauka da shi.

Sarauniya Christine ita ce Zalika Sule, Zalika Souley, wadda aka haifa a Yamai a 1947. Ba ta kai shekara 20 ba lokacin da ta sa wando ta hau doki a gaban kyamara, a garin da ko zuwa kallon sinima abin magana ne ga 'ya mace. Daga nan kusan duk wanda zai yi fim a Nijar sai ya neme ta. Wanda ya fi cin moriyar gwanintarta shi ne Umaru Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocina, ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, inda Rouch ya same shi ya sa shi cikin Moi, un noir a 1958. Ta fito a fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969, da Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Ta kuma fito a Saitane, watau Shaiɗan, da L'Exilé na 1980.

To, ga inda abin ya ke. Matsayin da a ke ba ta yawanci na muguwar mace ne: kishiyar da kishi ya kai ga kisa, ko matar da ta ci amanar aure, ko mace mai zaman kanta. Ta kuwa iya, har ya zama masu kallo ba su raba Zalika da matar da suka gani a bango. Namiji in ya fito a ɓarawo, gobe a kasuwa sai a yi masa kirari. Ita kuwa zagi ta sha a titi. Ba ta da kyamara, ba ta da haƙƙin mallakar ko ɗaya daga finafinan da fuskarta ta sayar, ba kuma wata ƙa'ida da ta ce a ba ɗan wasa wani abu in an sake nuna fim. Muddin ana yin sabon fim tana da abin yi, ran da aka daina kuwa shi ke nan.

Aka kuwa daina. Umaru Ganda ya rasu ran 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45. Cikin shekarun nan kuma farashin yuraniyam, wanda Nijar ta dogara a kansa, ya faɗi, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, bidiyo ya shigo gidaje, gidajen sinima suka yi ta rufewa. Zalika ta ɗan leƙa Kwaddibuwa ta fito a Pétanqui a 1983, daga nan aiki ya yi ta ja da baya. Lokacin da Rahmatu Keita ta je ɗaukar tarihinta, ta iske ta a wani ɗan gida a Yamai tare da 'ya'yanta, ba ko famfo, ita ke ɗebo ruwa. Fim ɗin, Al'lèèssi, an nuna shi a Cannes, ya kuma ƙare da labarin cewa matar da ta taɓa wakiltar ƙasarta a bukukuwan duniya ta tafi ƙasar waje aikatau.

In aka aza wannan kusa da abin da ya faru a Kano, sai bambancin ya fito sarai. Ibrahim Mandawari da Aminu Hasan Yakasai da Salisu Galadanci, da suka yi Turmin Danya, ba su da horon da Mustafa ya samu, hotonsu kuma bai kama ƙafar nasa ba wajen kyau. Amma kaset ɗin bidiyo ba ya bukatar zuwa Paris, ba ya kuma bukatar izinin mai gidan sinima. A ɗauka a Kano, a kwafa a Kano, a sayar a kasuwa, mace tana cikin ɗakinta ta kalla. Shi ya sa cikin shekara 10 abin ya zama sana'ar dubban mutane, har kaset ɗin Kano ya cika Maraɗi da Damagaram da Tawa, garin da Mustafa ke zaune da 'yan tsanarsa. Abu ɗaya ne Kano ta gada ba ta sake ba, shi ne yadda a ke duban 'yar wasa. Wanda ya bi labarin matan fim na Kano zai ga inuwar Zalika a wurare da dama.

Mustafa Alhasan ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015. Bayan shekara 2 gidan adana fasahar zamani na birnin New York, MoMA, ya shirya taro na musamman ya nuna ayyukansa, har da kaboyin 1966. Zalika ta komo gida, ta rasu a Yamai ran 27 ga Yuli 2021, tana da shekara 73.