Tarihin Ƙwayar DES: Maganin Da Aka Ba Uwa Ya Taɓa 'Ya

A jikin kowace mace akwai wani sinadari da masana ke kira isturojin. Shi ke da hannu a balagar yarinya da daidaita jinin al'ada, kuma raguwarsa ce ke kawo zafin jiki da gumin dare ga matan da suka kai shekarun daina haila. Tun kusan shekarar 1929 aka iya tace shi daga fitsarin mata masu juna biyu, sai dai yana da tsada, kuma idan aka haɗiye shi hanta kan lalata mafi yawansa, don haka da allura aka fi bayar da shi. Burin masana a lokacin shi ne su samo irinsa na haɗi wanda za a sha da baki.

A shekarar 1938 aka cimma burin nan a wuri biyu. A Jamus, Hans Inhoffen da Walter Hohlweg na kamfanin Schering suka haɗa ethinylestradiol. A Ingila kuwa, Charles Dodds da abokan aikinsa suka haɗa diethylstilbestrol, wanda aka taƙaita da DES. Tun da kuɗin gwamnati aka yi binciken Dodds, ba a yi wa maganin rajistar mallaka ba. Kowane kamfani ya ga dama sai ya sarrafa shi, ga arha ga ƙarfi. A ganina nan ne tushen ɓarnar, domin abin da kowa ke sayarwa ba shi da mai tsayawa ya sa masa ido.

A 1941 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da shi don matsalolin daina al'ada da kuma tsayar da ruwan nono bayan haihuwa. Ya ma yi amfani na haƙiƙa ga maza: a wannan shekara Charles Huggins ya nuna cewa isturojin na dakushe ciwon dajin mafitsara da ake kira furosta, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1966.

Daga nan sai aka kai shi inda bai dace ba. Wasu masana biyu a Boston, George Smith da matarsa Olive, suka yi hasashen cewa ƙarancin sinadaran jiki ne ke kawo ɓari, kuma DES zai riƙe ciki. A 1947 aka yarda a ba masu juna biyu. Duk wanda ya taɓa ganin halin macen da ta yi ɓari sau biyu ko uku, da irin maganganun da take ji a gidan miji, ya san dalilin da ya sa mata suka karɓe shi hannu biyu-biyu. Tafi-tafi har aka riƙa ba waɗanda cikinsu lafiya lau yake.

Abin takaici, tun a 1953 William Dieckmann na Jami'ar Chicago ya gwada maganin a kan mata fiye da 1,600, rabi aka ba su DES, rabi aka ba su ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. Sakamakon ya nuna ƙarara cewa ba ya hana ɓari. Amma duk da haka likitoci suka ci gaba da rubuta shi har tsawon shekara 18.

Asiri ya tonu ne a 1971. Wani likitan mata a Boston, Arthur Herbst, da abokan aikinsa suka ga 'yan mata 8, masu shekara 15 zuwa 22, da wani nau'in ciwon dajin farji wanda a da sai jefi-jefi ake ganinsa, shi ma ga tsofaffi. Da aka bi diddigi, sai aka tarar iyaye mata na 7 daga cikinsu sun sha DES suna ɗauke da cikinsu. Wannan ya girgiza likitoci, domin ya nuna magani na iya ratsa mahaifa ya kwanta shiru shekara ashirin kafin illarsa ta bayyana. A shekarar FDA ta hana ba masu ciki. Faransa sai a 1977 ta bi sahu. Hatta shanun Amurka an daɗe ana ba su shi don su yi ƙiba, har zuwa 1979.

Ciwon dajin bai yawaita ba, kusan mace ɗaya cikin 1,000 ya kama. Wahalar da ta fi yawa ita ce ta haihuwa. Wani babban bincike da aka buga a 2011 ya gano kashi 33 cikin 100 na 'ya'ya matan nan sun yi fama da rashin haihuwa, alhali ga sauran mata kashi 15 ne. Haihuwar bakwaini da zaman ciki a wajen mahaifa su ma sun ninka.

Kada mai karatu ya ɗauka duk isturojin na haɗi haka yake. Ɗan'uwan DES na Jamus, ethinylestradiol, shi ne har yau ke cikin mafi yawan ƙwayoyin tazarar haihuwa da ake bayarwa a asibitocinmu, kuma ana amfani da su wajen daidaita al'ada da rage yawan zubar jini. Shi ma sai da aka gyara ma'auninsa. Ƙwayar Enovid ta 1960 na ɗauke da maikirogiram 150 na mestranol, wanda jiki ke mayarwa ethinylestradiol. Da aka ga yana daskarar da jini a jijiyoyi, hukumomin Ingila suka ba da shawara a 1969 kada a wuce 50. Na yanzu galibi 20 zuwa 35 ne. Duk da haka ba a ba mai hawan jini mai tsanani, ko wadda jini ya taɓa daskare mata, ko mai shan taba da ta haura shekara 35, ko mai jegon da ba ta cika makonni shida ba. Tambayoyin nan ma'aikaciyar asibiti ke yi kafin ta miƙa ƙwaya, kuma su ne ake tsallakewa idan ɗayanmu ya saya a kemis ɗin birni ya aika wa ƙanwarsa gida.