Muƙamin Matiron a Birtaniya: Iko, Amana da Rajista

Kalmar matiron, wadda jama'a suka saba ji a asibitoci da makarantun kwana na ƙasashen da Ingila ta mulka, sunan wani tsohon muƙami ne da ma'anarsa ta sauya fiye da sau ɗaya. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, matiron a asibitocin Landan uwargida ce mai kula da zannuwan gado da abinci da barori, ba a kuma buƙatar ta san komai game da jinya, domin masu jinyar kansu ana ɗaukarsu ne tamkar 'yan aikin gida, likita ya ba su umarni, ma'ajin asibiti ya biya su ko ya sallame su.

Florence Nightingale ce ta ba muƙamin sabuwar ma'ana bayan ta dawo daga yaƙin Kirimiya, inda ta jagoranci mata 38 zuwa asibitin soja na Scutari a 1854. Da kuɗin da jama'a suka tara don karrama ta aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinya a asibitin St Thomas a 1860, aka damƙa ta a hannun Sarah Wardroper, matiron ɗin asibitin, wadda ta riƙe kujerar har 1887. Ƙa'idar da Nightingale ta dage a kanta ita ce dukan masu jinya su kasance ƙarƙashin mace guda wadda ita ma ta sami horo, ita ke ɗauka, ita ke horarwa, ita ke ladabtarwa, ita ke kora, yayin da likita ke da ikon faɗin magani amma ba shi da ikon hukunta mai jinya. Wannan tsari ya tara iko da alhaki a wuri ɗaya, ta yadda duk wanda ya tarar da majinyaci cikin ƙazanta ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sai dai yana da nasa zaluncin, tunda matiron na iko har da ɗakin kwanan ɗalibai da lokacin fitarsu, aure kuwa kan kawo ƙarshen aikin mace, kuma wadda aka kora ba ta da inda za ta kai ƙara.

Daga cikin matiron-matiron ɗin nan ne aka sami wadda ta ga cewa amanar marasa lafiya ta fi ƙarfin a bar ta ga halin shugaba ɗaya. Ethel Bedford Fenwick, wadda ta zama matiron ta asibitin St Bartholomew a 1881 tana da shekara 24, ta kafa ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Birtaniya a 1887 don neman rajista, wato littafin hukuma da ke ɗauke da sunayen waɗanda suka kammala horo suka ci jarrabawa, wanda kuma za a iya goge sunan mai laifi daga cikinsa. Nightingale ta yi adawa da wannan, bisa hujjar cewa jinya aikin hali ne, jarrabawa kuwa ba ta auna haƙuri ko gaskiya ko tausayi. Akwai gaskiya a maganarta, amma ta bar tambaya guda ba amsa, wato abin da zai hana wadda aka kora a wannan asibiti saboda cutar da majinyaci ta sami aiki a na gaba. Gardamar ta ci fiye da shekara talatin, har New Zealand ta riga Birtaniya yin dokar a 1901, Nightingale ta rasu a 1910, sannan majalisar dokoki ta zartar da dokar rajista a watan Disamba na 1919. Fenwick ce ta sami lamba ta 1 a littafin.

Wannan tsari mai ƙafa biyu, matiron a cikin asibiti da majalisar rajista a wajensa, shi ne Turawan mulkin mallaka suka kai Nijeriya, inda aka kafa majalisar jinya da dokar 1947, daga baya aka haɗe ta da hukumar ungozoma a 1979. Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta shiga makarantar St Thomas a 1946, ita ce 'yar Nijeriya ta farko da ta zama matiron ta asibitin koyarwa na Ibadan a 1964, abin da ke nuna yadda aka daɗe ana keɓe kujerar ga Turawa.

A Birtaniya kuwa, bayan kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, asibiti ya zauna a kan duwatsun murhu uku, likitoci da matiron da sakataren gudanarwa, sai dai dutsen matiron shi ne mafi gajarta, domin sau da yawa ba ta da kujera a kwamitin da ke yanke shawarar kuɗi. Don gyara wannan ne kwamitin da ɗan kasuwa Brian Salmon ya shugabanta ya fitar da rahoto a 1966, wanda ya jera muƙamai bisa lamba, sista mai kula da ɗakin majinyata tana mataki na 6, babban jami'in jinya yana na 10, aka kuma yar da sunan matiron, abin da ya buɗe wa maza hanyar shugabanci. Manufar ita ce ɗaga darajar sana'ar, amma sakamakon ya haɗa da cewa gwanar jinya ba ta samun ƙarin girma sai ta bar bakin gado ta koma ofis. A daidai wannan lokaci ne wani ƙaramin ma'aikacin jinya ya tona cin zarafin da ake yi wa majinyata a asibitin Ely na Cardiff, binciken da Geoffrey Howe ya jagoranta ya fito a 1969, ya kuma nuna cewa ana musguna wa ma'aikatan da suka kai ƙorafi.

Sauyi mafi nauyi ya zo a 1983, shekarar da abubuwa biyu masu karo da juna suka faru. Sabuwar majalisar rajista ta ƙasa baki ɗaya ta fara aiki tare da kundin ɗa'a, wato rubutattun ƙa'idojin da ke ɗora wa kowane mai rajista alhakin aikinsa da wajibcin faɗin duk abin da ke barazana ga majinyaci. A shekarar ce kuma Roy Griffiths, jigo a kamfanin kantunan Sainsbury's, ya ba gwamnatin Margaret Thatcher shawarar naɗa manaja guda a kowane mataki, yana mai cewa da Nightingale za ta dawo da fitilarta, neman mai riƙe da ragama za ta yi ta yi. Ragamar ta koma hannun manajoji, waɗanda kaɗan ne daga cikinsu suka fito daga jinya, ga shi kuma babu rajistar da ke ɗaure su. Shugabar jinya ta wayi gari tsakanin kundin da ke cewa ta yi magana da maigidan da ke riƙe da kasafi. An dawo da sunan matiron a 2001 don amsa koke-koken jama'a kan ƙazanta, amma sabuwar matiron 'yan ɗakuna kawai take kulawa da su.

Abin da ya faru a asibitin Stafford tsakanin 2005 da 2009 ya bayyana illar wannan rabuwa tsakanin iko da alhaki. Hukumar asibitin ta rage ma'aikata don daidaita littafin kuɗi, aka bar majinyata cikin fitsari da ƙishirwa, rahoton lauya Robert Francis na 2013 ya zo da shawarwari 290, aka kafa dokar wajibcin faɗa wa majinyaci gaskiya idan an yi kuskure, daga 2016 kuma aka tilasta wa kowane mai rajista sabunta ta duk shekara uku da shaidar awa 450 na aiki. An goge sunayen wasu ma'aikatan jinya na Stafford daga littafin. Amma lokacin da lauya Tom Kark ya duba batun cancantar daraktocin asibitoci a 2019, shekara ɗari cif bayan dokar da Fenwick ta yi wa gwagwarmaya, babu wani littafi makamancinsa da za a iya goge sunan manaja daga ciki.