Kalmar "Katafila": Tarihinta da Sauyin Ma'anarta a Hausar Girei da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar katafila, domin a ga yadda sunan na'urar gina hanya ya koma sunan abin da mai gida ke fargaba.

2.0 Asalin Kalmar

Tushenta shi ne Caterpillar, sunan kamfanin Amurka da aka kafa a 1925, bayan haɗewar kamfanonin Holt da Best. A Ingilishi ma'anarta ta farko tsutsa ce, saboda yadda na'urar ke jan ciki bisa sarƙa. Bahaushe bai ari wannan ma'ana ba, sunan kawai ya ɗauka. Ya mayar da /p/ ta zama /f/, kuma da yake kalmar ta ƙare da wasalin /a/, sai ta shiga jinsin mace. Daga nan ta game kowace na'ura irinta, ko wane kamfani ya ƙera ta, kamar yadda omo ya game garin sabulu.

3.0 Sauyin Ma'ana

Yola ta zama hedikwatar Jihar Gongola a 1976, aka kuma kafa jami'ar fasaha ta tarayya a 1981, wadda mazauninta ke ƙasar Girei, hayin Binuwai daga Jimeta. A wancan zamani na share daji da fitar da tituna, ganin katafila bushara ce. Wannan fahimta ce ke cikin kirarin "katafila sarkin aiki" da ake yi wa shugaba mai ƙwazo.

Da birane suka cika, sai aikinta ya juyo kan gidaje da rumfunan kasuwa. Rushe-rushen Abuja a zamanin ministancin Nasiru El-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, da na Kano a 2023, sun yaɗa kalmar rusau, wadda aka ƙera daga aikatau rusa, bisa ƙirar dakau da wankau. Yau idan aka ce wa ɗan tireda a Jimeta "katafila na tafe", ba sabon titi zai fara kawowa a ransa ba.

4.0 Kammalawa

Hausa ta raba aikin gida biyu: ta ari sunan na'urar, ta ƙirƙiri sunan ɓarnar da kanta. Saboda haka ƙamusun da ya tsaya ga "motar gyaran hanya" ya kawo rabin ma'ana ne kurum. Wajibi ne masu tsara ƙamus su shigar da ma'anonin biyu, tare da misalan da ke nuna zamanin kowace.