Yadda Aka Koyi Auna Hanyar Intanet

A watan Disamba na 1983, Mike Muuss, ma'aikacin cibiyar binciken makamai ta sojan Amurka da ke Aberdeen a jihar Maryland, ya rubuta 'yar ƙaramar manhajar nan ta ping. Aikinta shi ne ta tura ƙunshin bayanai zuwa wata kwamfuta, ta jira amsa, ta faɗi lokacin da zuwa da dawowa suka ci da yawan ƙunshin da suka salwanta a hanya. Ba da jimawa ba shi da Terry Slattery suka samar da ttcp, mai auna yawan bayanan da hanya ke ɗauka a daƙiƙa. Dalilin da ya sa irin waɗannan kayan awo suka ɗore a layin umarni, a ganina, shi ne sun raba tambayoyi biyu da mutane ke cakuɗawa: nawa hanya ke ɗauka, nawa kuma take zubarwa.

Abin da ya faru a Oktoban 1986 ya nuna amfanin wannan rabewa. Tsakanin cibiyar binciken Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tazarar yadi 400 kacal, gudun bayanai ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa 40, alhali layin lafiyarsa ƙalau. Wani mai bincike, Van Jacobson, ya gano cunkoso ne: ƙunshi ya ɓace, kwamfutoci su sake turo shi, cunkoson ya ƙaru. Gyaran da shi da Michael Karels suka wallafa a 1988 ya sa TCP, tsarin aika bayanai a intanet, ke sassauta gudu da zarar ya ga asara. Shi ya sa har yau ɓacewar kashi 1 cikin 100 kan durƙusar da doguwar hanya komai faɗinta.

Wani zai ce shafukan gwajin gudu sun wadatar. Amma galibi sabar da ke kusa suke zaɓa, su ba ka lamba mai daɗin gani, ba su nuna inda ciwon yake. Ƙorafi mai nauyi shi ne ping kan ruɗi mutum, domin na'urorin da ke kan hanya sukan jinkirta amsa mata, wasu ma su toshe ta. Haka ne, kuma saboda haka masu sana'ar suke haɗa ta da traceroute, manhajar Jacobson mai nuna na'urorin da ƙunshi ke bi a hanya, da iperf, wadda ake kunnawa a ɓangarori biyu, a tura bayanai ta wani tsarin daban mai suna UDP da gudun da aka ƙayyade, sannan mai karɓa ya ƙirga abin da ya iso.