Man Birki: Daga Man Zurma Zuwa DOT

Wannan makon filin tseren motoci muka leƙa. A 1917 Malcolm Loughead ya yi rajistar birki mai aiki da mai a Amurka. Man farko haɗin man zurma ne da barasa. Da Jaguar ta lashe tseren Le Mans na Faransa a 1953 da birki mai faifai, gudu ya ƙaru, zafi ma haka. In mai ya tafasa sai ya koma tururi, feda ta nutse, mota ta ƙi tsayawa.

Dokar Amurka ta ce DOT 4 ya jure digiri 230 na Salsiyas, DOT 5.1 kuwa 260. Amma DOT 4 da ya sha danshi kan tafasa wajen 155. Shi ya sa masu tsere ke duba wannan adadi, suna canza mai akai-akai.