Fijo 404, birkin faifai da mastan da ake mantawa da shi

1/ Jama'a, yau kan birki zan yi magana. Na lura matasa sun fara tayar da tsoffin Peugeot 404, irin a-kori-kurar da ta sha jigilar gero da awaki tsakanin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Abu ne mai kyau. Amma akwai wani ƙaramin ƙarfe da ake rainawa, kuma rai yana kansa.

2/ Tarihi tukuna. A 1960 aka fitar da 404 a Faransa, 504 ta biyo baya a 1968. A 1975 kamfanin PAN ya buɗe masana'antarsa a Kaduna, Fijo ta zama motar gida. Sai a 2006 aka daina haɗa 504 a can. Shi ya sa har yau kusan duk tsohon bakanike ya san cikinta.

3/ 404 ta farko birkin ganga gare ta gaba da baya. Matsalar ganga ita ce zafi. In mota ta ɗauki lodi aka yi ta taka birki a gangare, irin na wajen duwatsun Kazaure da Roni, sai gangar ta yi zafi, kamu ya ragu.

4/ Birkin faifai a buɗe yake, iska na sanyaya shi. Da shi Jaguar ta ci tseren Le Mans a 1953, Citroën DS ta kawo shi kan titi a 1955. Don haka mai 404 da ya ce zai sa faifai a gaba yana da hujja.

5/ Inda gizo ke saƙar shi ne masta, wato famfon da ke tura man birki in ka taka. Mutum ya canza ƙafafun gaba kaf, ya bar tsohon masta. To shi wannan don ganga aka ƙera shi.

6/ Na ɗaya: yawancin mastan ganga suna da ɗan bawul mai riƙe ragowar matsi a cikin bututu. Ganga na son haka. Faifai kuwa, matsin nan zai sa ya dinga gogawa ko ba ka taka ba. Sai zafi, sai ƙauri, sai cin fetur.

7/ Na biyu: faɗin ramin masta. Ƙaramin rami yana ba da matsi da yawa, amma feda ta yi nisa kafin ta kama. Babba kuma feda ta yi tauri, matsi ya ragu. Daga milimita 19 zuwa 22 kamar ba komai, amma da ƙarfin ƙafa iri ɗaya matsi ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In babu busta mai taimakon ƙafa, babban rami wahala ne.

8/ Na uku: tsoffin motoci layin mai ɗaya gare su. Bututu ɗaya ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya. Tun ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta wajabta masta mai layi biyu, gaba daban, baya daban. Wallahi ko don wannan kaɗai ya isa a canza.

9/ Na huɗu: faifai yana jan mai da yawa yayin da fatar birki ke cinyewa, don haka kofin mai ya zama babba. Kuma in baya ganga ce, a sa bawul mai rage matsin baya. A-kori-kura ba kaya, baya ya riga gaba kamawa, sai ta juya da kai.

10/ In za ka Kofar Ruwa a Kano neman masta, kar ka tsaya a “zai ɗauru?” Ɗauruwa daban, dacewa daban. Tambayi faɗin rami, layi nawa ne, na faifai ne ko na ganga. A ganina ya fi aminci a ɗauko masta, busta da kayan ƙafa daga mota iri ɗaya.

11/ Bayan an haɗa, a fitar da iska, a gwada a fili, da kaya da kuma ba kaya, kafin a hau titin Kano zuwa Daura da fasinja. Masu tsohuwar Fijo a gida, ku gaya mana wane masta ke jikinta. Allah ya kiyaye hanya.