Cinyewar taya da karkarwar motocin a-kori-kura: yadda ake gane inda matsala take

A kan hanyar RN1, daga Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, motocin a-kori-kura irin su Toyota Hilux da Land Cruiser ne ke ɗaukar kayan ƴan kasuwa da na ma'aikatu. Lodi fiye da kima, ramukan gudro da zafin Afrilu da Mayu, mai wuce digiri 40, suna cinye tayoyinsu da wuri. Sai dai yadda taya ta cinye yana nuna inda cutar take. Wanda ya sauya taya bai gyara cutar ba, sabuwar ma haka za ta ƙare.

Abin da zanen taya ke nunawa

Idan gefuna biyu suka cinye tsakiya na nan, iska ya yi kaɗan ko lodi ya yi yawa. Hakan na yawan samun direbobin da ke rage iska don ratsa rairayi, su hau gudro ba su mayar ba. Irin wannan taya tana ɗaukar zafi, tana iya fashewa ana cikin gudu. Idan tsakiya ne ya suɗe, iska ya yi yawa. Idan gefe ɗaya ne kawai, saitin ƙafafun ya goce, sai a je garaji a yi paralelisim. Idan kuma aka shafa hannu aka ji tudu da kwari, galibi amortiso, mai shanye tsallen mota, ya mutu.

A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta hana hawa da tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1,6 ba. Akwai ɗan tudun roba cikin kwarin zanen. In ya yi daidai da saman taya, ta gama aiki.

Lokacin da mota ke karkarwa

Karkarwar sitiyari tsakanin kilomita 80 da 110 a awa tana nuna nauyin ƙafar gaba bai daidaita ba. Maganinta ekilibraj, wato liƙa ƴan guntayen ƙarfe a bakin janti. Idan a kujera ake jin ta, a duba ƙafafun baya. Busasshen taɓo cikin janti bayan damina, ko jantin da rami ya lanƙwasa, suna haddasa haka. Idan sai an taka birki take zuwa, faifan birki ne. In kuma sai an taka totur, a duba kardan.

Tayoyin gwanjo da kulawa

Lambobi huɗu na ƙarshe bayan alamar DOT suna ba da shekarun taya: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma. Tayar gwanjo mai hoton dutse da ƙanƙara ta ƙasashen sanyi ce, robarta na saurin cinyewa a zafinmu. A nemi mai alamar LT ko C, wadda aka yi don lodi.

A gwada iska da safe kafin taya ta yi zafi, bisa ma'aunin da ke jikin ƙofar direba. A riƙa musanya na gaba da na baya kowane kilomita 10.000. Kada kuma a bar kat-kat a kunne kan busasshen gudro.